Ƙara-Wuta Da Hawan Da Ya Fi Ƙarfinsa

Ƙara-Wuta ba shi da haƙuri, kuma bai taɓa ƙoƙarin ɓoye hakan ba. In kana ba shi labari ka tsaya gyaran murya, sai ya ce, "To, sai aka yi yaya? Kai ni ƙarshe." In an kawo masa shayi da zafi ba ya jira ya huce, ya gwammace ya ƙone harshe ya yini yana tsaki. Duk abin da ke tafiya a hankali, mutum ne ko inji, gani yake raina shi ake yi.

Sana'arsa gyaran ƙananan kayan lantarki ce: fankar caji, injin aski, rediyo, tocila, motar wasan yara. Yawancinsu akwai wani ɗan inji a ciki da ke juyawa in an ba shi wuta, wanda masu gyara ke kira moto. A jikin kowane moto an buga yawan wutar da zai iya ɗauka, bolt uku, ko shida, ko goma sha biyu. Sauran masu gyara su karanta rubutun su bi. Shi kuwa cewa yake matsorata ne suka rubuta shi. Da an kawo fanka tana jan jiki, sai ya ɗaga ta ya saurara, ya ce, "Lafiyarta ƙalau, lalaci ne. A ƙara mata wuta." A nan ya samo sunan, har na asalin ya ɓace a bakin mutane.

Ba ya cutar kowa dai. Kafin ya taɓa kayanka zai gaya maka, "Za ta yi gudu, amma ba za ta tsufa ba. Ka zaɓa." Da yawa suka zaɓi gudu. Bayan wata uku su dawo da ita tana warin ƙuna, ya karɓa ko kunya babu, ya ce ai ya faɗa.

Yana shekara huɗu shan inna ya kama shi, ya tafi da ƙafafun duka biyu. Da jan gindi ya koyi aiki a shagon wani tsoho mai gyaran rediyo, wanda ya kore shi sau uku saboda rashin kunya, ya dawo da shi sau uku saboda babu mai hannunsa. Yana shekara ashirin ya samu keken guragu mai taya uku, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Tun daga nan kafaɗunsa suka zama ƙafafunsa. Damtsensa ya cika kamar na mai fasa dutse, in ya gaisa da kai sai ka duba yatsunka.

Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu, duka suka yi aure nesa. Matarsa takan ce a zaman shekara talatin da biyar ƙafafun ba su taɓa ba ta wahala ba, bakin ne. A gabansa take faɗa. Shi kuma ya ce, "Da baki kika gan ni kika zo."

Gidansu yana can ƙarshen wani layi, a ƙasa. Sun zaɓe shi ne don ƙofarsa ba ta da matakala. Babban titi yana sama, tsakaninsu kuma akwai hawa. Mai ƙafa ba ya lissafa shi, minti huɗu ya kai, ya ɗan yi haki ya manta. Ga mai keken hannu kuwa aiki ne. Ya fi tsanani dab da ƙarshe, wajen wani turken lantarki, inda ruwa ya cinye rabin kwaltar ya bar hanya siririya.

A saman hawan, ƙarƙashin barandar wani shagon fenti, nan teburinsa yake, tsakanin tela da mai walda. Uban mai fentin ne ya ba shi wurin tun yana saurayi, ba takarda ba komai. Teburin katako ne mai aljihu uku, samansa duk tabon dalma. In ya shigar da keken ƙarƙashinsa, katakon ya rufe ƙafafun, daga ƙirji zuwa sama kawai ake gani: mutum riƙe da mitar awon wuta da ƙarfen narka dalma, mutane tsaye suna jira ya ɗago ya dube su. A hanya akan ce, "Ku matsa wa gurgun nan." A teburin ba a taɓa faɗa ba.

Shekara arba'in yana hawan nan kowace safiya da hannu biyu, kuma ba ya yarda mai tafiya a ƙasa ya wuce shi.

A shekararsa ta sittin da ɗaya, wata safiya yana tsakiyar hawan, kafaɗar dama ta ce ƙas. Da ma ta jima tana ciwo, yana shafa mata man zafi yana zaginta. Ran nan hannun ya saki gaba ɗaya. Ba don ya cafke birki da hagu ba, da sai dai a tsinto shi a kwata.

Likita ya ɗaga hoton ƙashin a fitila ya daɗe yana kallo.

"Baba, kafaɗar nan ta yi aikin da ba nata ba shekara arba'in. Ta cinye. Ta hagun ma tana biye."

"Ba allura?"

"Akwai ta rage ciwo. Ta mayar da abin da ya cinye ce babu. Dalma za ka iya riƙewa, sukundireba za ka iya. Amma in ka ci gaba da tuƙa keken nan a tudu, za ka kai ranar da cokali ma sai an kai maka baki."

"Kai dai ka ce ba ka iya ba," in ji Ƙara-Wuta. Likitan ya rubuta magani.

Mako uku yana gida. Ya kwance fankar ɗakin ya ɗaure sau biyu alhali lafiyarta lau. Ya buɗe rediyon matarsa, ya gyara abin da bai lalace ba, har ta daina kama tashar da take so. Da ya fara buga kwano a kan an makara da abinci, sai ta ce, "Malam, kwanon nan ba shi ya karya maka kafaɗa ba."

A mako na uku mai fenti ya zo dubiya. Ya zauna a bakin kujera kamar wanda ake jira a waje, ya yi ta tambayar jiki, sannan ya ce akwai wani mai gyaran waya da ke ta zuwa yana tambayar wurin.

"Ni ban ce masa komai ba, Baba. Ka san yadda kuke da mahaifina. Amma wuri a bakin titi ba ya zama haka nan. In kana zuwa, naka ne, ba mai taɓa shi. In kuwa ba ka zuwa..."

"Wa ya ce maka ba na zuwa?"

"Ba wanda ya ce, Baba."

"To ka gaya wa mai wayar ya nemi inuwar wani."

Faɗa ce mai sauƙi. Mai walda, wanda suka yi shekara ashirin suna zagin juna a barandar nan, ya gangaro ya tura shi safiya huɗu. Ta biyar yana da aiki a nesa, ta shida bayansa ya riƙe, kuma ba ƙarya yake ba, shi ma ya ba hamsin baya. Matar ta gwada sau ɗaya. Ba su kai rabi ba keken ya dawo mata a gwiwa, ta yi kwana goma tana ɗingishi. Masu abin hawa na haya za su ɗauke shi, amma ba da keken ba, sai dai a cicciɓe shi kamar buhu safe da yamma, kuma in babu keken a can, ko bayan gida ba zai iya zuwa ba. Akwai moton da aka yi don wannan aikin takamaimai, ya gan shi a wayar tela. Ko ya sayar da duk abin da ke cikin teburin ba zai kai rabin kuɗinsa ba.

Sai ya koma ga abin da ya sani. A ƙarƙashin gado akwai wata motar wasan yara, babba, irin wadda yaro ke shiga ya tuƙa, mai ita ya kawo gyara bai dawo ba. Moto biyu ne a cikinta, na bolt goma sha biyu, kowanne da akwatin giyarsa. Mai walda ya ɗaure su a bayan keken, ya haɗa su da taya da sarƙar keke. Da batir ɗaya, a fili, suka ja shi sumul. Da suka iso gindin hawan sai suka yi gurnani suka tsaya. An yi su ne don ɗaukar ɗan shekara biyar a tsakar gida, ba ƙaton mutum da keken ƙarfe ba.

Ya ƙara batir na biyu, wuta ta zama ashirin da huɗu. Tsakanin batiran da moto ya saka wani ɗan allo kamar tafin hannu, mai maɓalli ɗaya da ake murɗawa irin na ƙara muryar rediyo. Matarsa tana tsintar shinkafa a gefe ta ce, "Wannan kuma mene ne?"

"Direba ake ce masa. Shi ke raba wuta."

"Raba ta da wa?"

"Ke, saurara. Moton sha biyu yake ci, ni kuma ashirin da huɗu gare ni. Allon nan yana sakin wutar yana datsewa, saki, datse, saki, datse, sau dubbai kafin ki ƙifta ido. In na murɗa rabi, rabin lokaci kawai wuta ke shiga, moton ya ji kamar sha biyun da ya saba."

"In ka murɗa duka fa?"

"Ya sha ashirin da huɗu."

"Sai ya mutu."

"Sai ya yi ƙarfi."

"Ya yi ƙarfi, sannan ya mutu. Shekara nawa ina jin warin nan a rigarka?"

Ya ɗauki wuƙa ya ja layi a jikin allon daidai rabi, ya ce nan ne iyaka, ba za a wuce ba.

Ta leƙo ta duba. "Wa kake ja wa layin? Kai?"

Washegari ya fita. A fili keken ya tafi shiru kamar ana jansa da igiya. Ya shiga hawan, maɓalli a kan layi. Kashi ɗaya cikin uku suka ci, sai tafiya ta fara mutuwa, moto suka canza murya. Ya dubi layin, ya dubi turken lantarki can sama. Bai kai ƙirga uku ba ya murɗa ya wuce. Keken ya zabura, ya wuce wata mata mai ɗauke da bokiti, ya wuce turken, ya faɗo kan babban titi rigarsa na kaɗawa. Tela ya bar ɗinki ya fito yana tafi.

"Kai, Ƙara-Wuta! Jirgi ka saya?"

"Matsa min, kar in take ka."

Da ya shiga ƙarƙashin teburin, ya miƙa hannu baya ya taɓa moton da bayan yatsa. Ya janye da sauri. Bai gaya wa kowa ba.

Ba jahilci ba ne. Ya fi kowa a layin sanin cewa moto in yana juyawa sakaka wuta kaɗan yake sha, in kaya ya danne shi sai ya ƙara sha, kuma iya yadda aka tilasta masa rage gudu, iya yadda yake zuƙar wutar, ita kuma ta zama zafi a cikinsa. Direban zai iya rage wuta, amma ba zai iya rage nauyin mutum ko tsayin tudu ba. Ya yi wa masu kawo gyara wannan bayanin ya fi sau dubu. Abin da ya gaya wa kansa shi ne hawan minti uku ne kawai, kuma moto na iya jure komai na minti uku.

Mai walda ya tsuguna ya shinshina bayan keken a rana ta uku.

"Malam, abin nan yana dahuwa. Ka bar ni in canza maka haƙoran sarƙar, in sa ƙarami a moto, babba a taya. Moton ya riƙa juyawa da yawa, taya kaɗan. Zai hau a hankali, amma ba zai sha wuya ba."

"A hankali kamar yaya?"

"Kamar tsohuwa mai ɗauke da kaya."

"Tsohuwa ta wuce ni a hanya? Shekara arba'in da hannu ba a wuce ni ba, sai yanzu da inji? Je ka yi waldarka, ƙofar mutane tana jira."

"Taurin kai zai kashe ka."

"Kai hayaƙi zai kashe. Mu gani wa zai riga."

Kwana goma sha ɗaya moton suka yi. A na sha ɗayan, dab da turke, moton hagu ya yi tari ya mutu, na dama ya ƙarasa da shi da ƙyar. Da ya buɗe, gawayin cikin da ke goga wa moto wuta ya cinye saura ƙiris, wayar tagullar ta yi baƙi ƙirin. Ya aika wa mai sayen tsoffin ƙarafa, aka samo masa wani irinsa daga wata fasasshiyar motar yara.

Daga nan rayuwarsa ta koma kan zafi. Ya yayyanka tsohuwar tukunyar alminiyam ya naɗe moton da ita don ta riƙa kwashe zafin. Ya ɗaura musu 'yar fankar kwamfuta. Matarsa takan jiƙa tsumma ta shimfiɗa a kai kafin ya fita, tana yi tana cewa ita ko 'ya'yanta ba ta yi wa irin wannan jinyar ba. Duk sun ɗan taimaka. Babu wanda ya isa.

Sai ya ce bari ya riƙa hutawa a tsakiya. Ya ja birki a rabin hawan, ya zauna yana ƙirga ɗari biyu, abin da a wurinsa ya fi aikin ƙarfi wuya. Moto suka huce. Amma tashi daga tsaye a kan tudu shi ne mafi munin abin da za a sa moto: bai fara juyawa ba, kaya ya danne shi, wuta na ta kwarara ciki ba inda za ta. Rana ta biyu da fara hutun, na dama ya ƙone a wurin tashi. In ya tafi kai tsaye su dahu, in ya tsaya su ƙone. Ya daina hutun.

Cikin wata biyu ya binne moto biyar. Mai tsoffin ƙarafa ya zo da kansa da guda biyu a buhu, ya ajiye a kan teburin.

"Baba, waɗannan ne na ƙarshe. Na zaga duk inda na sani. Yara ba sa fasa motocinsu da saurin da kake ƙona su."

Ƙara-Wuta ya juya su a hannu. Tsofaffi ne, ɗaya sandarsa tana ɗan rawa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, ba tare da ya juya ba, "Mai walda. Maganar haƙoran nan."

"Wace magana? Ta tsohuwa?"

"Za ka yi ko ba za ka yi ba?"

"Ai na gaya maka."

"Na ji."

"Tun rana ta uku na gaya maka."

"Na ce na ji!"

"Tela shaida ne na gaya maka," in ji mai walda, ya ɗauko abin awo.

Da sababbin haƙoran, keken yana hawa da maɓalli a kan layi, ko ya ɗan gota da kaurin farce. Minti tara. Tsofaffi kuwa sun wuce shi, har da masu kaya, wasu su ce, "Sannu, Baba," ya yi kamar bai ji ba. Moto suna isa da ɗumi, ba zafi ba. Da tun farko haka ya yi, da moto biyar lafiyayyu a aljihun tebur, da wataƙila ya ƙara shekaru a barandar nan. Shi ma ya san haka. Yanzu kuwa tsofaffin moto biyu ne gare shi, da sharaɗi ɗaya: in ya shiga hawan, kada ya tsaya.

Mako uku abin ya yi. Ya koyi fita bayan masu kai yara makaranta sun wuce, kafin motocin kaya su fara shigowa. Tun daga ƙasa yake ɗaga murya, "Hanya! Ba na tsayawa!" Mutanen layin suka saba, suna jin muryar su raɓe.

Wata safiya ya kai dab da turke, inda hanyar ta tsuke, sai ga motar siminti tana ja da baya daga wani gida da ake ginawa. Ta cika hanyar daga kwata zuwa kwata. Wani lebura yana gabanta yana ɗaga hannu.

"Tsaya, Baba! Tsaya!"

"Ba na tsayawa! Ku matsa!"

"Ina za mu matsa, Baba? Mota ce!"

Ya ja birki. Ya mayar da maɓallin ƙasa, moto suka yi shiru. Direban motar ya yi gaba, ya yi baya, ya sake gaba. Minti goma aka yi kafin ta daidaita ta haura, leburorin suka ɗare bayanta suka tafi da ita. Ya buɗe baki zai kira su, ƙarar injin ta rufe shi.

Hanya ta buɗe, shi kaɗai a wuri mafi tsanani. Komawa ƙasa da baya a sake farawa ba zai yiwu ba, kafaɗar ba za ta riƙe kan keken ba. Abin da yake buƙata kaɗan ne, wani ya tura shi taku uku kawai taya ta fara juyawa, moto su karɓa. Ya waiga. Wata mai ciki ce ke gangarawa. Can ƙasa wani tsoho da sanda. Hannun hagun da ke riƙe da birki ya fara gajiya, ciwon yana hawa daga gwiwar hannu zuwa wuya. Daga inda yake yana hango rufin barandar, da bayan wani mutum tsaye gaban teburinsa riƙe da fanka, yana duba agogo.

Da ya ƙara minti biyar da wani mai ƙarfi ya zo. Ko hannun zai kai minti biyar ɗin, wannan ba wanda ya sani, har shi.

Ya murɗa zuwa layi, ya sassauta birki. Moto suka yi gurnani, keken ya ɗan zame baya. Ya gota layin. Gurnanin ya ƙaru, taya ba ta motsa ba. Ya murɗa har ƙarshe. Keken ya yi gaba kamar tsawon tafin hannu, sai wani abu ya ce fat, farin hayaƙi ya taso ta bayansa, da warin nan da ya fi sanin kowane wari a duniya. Ya cafke birki. Ya murɗa maɓallin ƙasa, ya murɗa sama. Ko ƙara babu. Allon direban ma ya ƙone tare da su.

Ya zauna a tsakiyar hanya. Bai yi zagi ba, abin da ya sa mai cikin ta tsaya ta dawo ta tambaye shi ko lafiya. Ita ta kira wasu maza biyu daga ginin. Suka kama bayan keken, ɗaya ya ce, "Baba, sama ko ƙasa?"

"Sama."

Mutumin da ke riƙe da fankar bai tafi ba. Ƙara-Wuta ya karɓa ya gyara masa, waya ce kawai ta tsinke. Sannan ya kwance moton biyu ya buɗe su a kan teburin. Mai walda ya zo ya tsaya a kansa ya duba. Ciki ya narke ya haɗe wuri guda. Wannan karon bai ce ya faɗa ba. Ya ce, "Bari in sake tambayar mai ƙarafa."

"Ya ce babu."

"Ko a sake naɗa wayar?"

"A naɗa a kan me? Duba ka gani."

Mai walda ya duba ya gani, ya koma wurin aikinsa, ya yi ta buga wani ƙarfe da ba ya buƙatar bugu.

Akwai sauran aiki a teburin, injin aski ɗaya da rediyo biyu. Ya gama su duka kafin rana ta karkata, ya ba tela ya ajiye wa masu su. Mai fenti ya fito sau biyu ya koma, bai haɗa ido da shi ba. A na uku Ƙara-Wuta ya kira shi ya ce ya ba shi kwali biyu, kuma ya gaya wa mai wayar ya zo ranar da ya ga dama. Mai fenti ya fara cewa ai ba gaggawa, ya ce masa, "Kawo kwalin."

Yana cikin zuba kaya matarsa ta iso. Wani ya kai mata labari, ta hauro da gwiwarta mai ciwo, tana haki. Ta dubi moton a buɗe, ta dubi kwalayen.

"Ka wuce layin."

"Na wuce."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Ta ja kujerar tela ta zauna. Da numfashinta ya dawo, ta jawo aljihun tebur na ƙasa ta fara tsince ƙananan kusoshi tana zubawa a gwangwani. "Kar ka haɗa min filaya da mita a kwali ɗaya," ya ce. Ta ce ta sani.

Teburin ya koma ƙofar gida. Shekara uku ya yi a nan. Watan farko an ɗan zo, tsoffin masu hulɗa da shi da waɗanda suka ji tausayi. Daga baya sai mutum biyu a mako, sai ɗaya. Ba mugunta ba ce. Mai ɗauke da matacciyar fanka ba zai gangara layi ya sake haurowa ba alhali akwai wani mai gyara a bakin titi. Kullum da safe yakan jera kayan aikin, ya kunna ƙarfen dalma ya yi zafi, ya zauna yana kallon hawan, da yamma ya kashe. A damina ta uku ciwon ƙirji ya kwantar da shi kwana tara, ya rasu. 'Ya'yan suka zo suka tafi da uwarsu.

A barandar, abin da ake tunawa shi ne maganarsa ta ranar da ya kwashe kaya. An ɗora kwalayen a cinyarsa, mai walda ya riƙe bayan keken zai gangara da shi, sai ya ce a dakata. Ya sa aka kira tela da mai fenti da mai sayar da katin waya na gefe, suka tsaya a gabansa. Bai saba roƙo ba, muryar ta fito kamar faɗa.

"Ku ji nan. Duk wanda ya zo da fanka ko injin aski yana nemana, kada ku ce masa na daina. Ban daina ba. Ku fito da shi bakin hanya ku nuna masa da hannu, ku ce ya bi layin nan har ƙarshe, ƙofa mai shuɗin fenti, ba matakala. Ku ce masa gangara ce, minti uku ya kai. Dawowar kada ku ambata masa. Don Allah ku riƙa turo min su."